Ranar da Na Wanke Kawu da Ankwa a Hannu

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne yake yi wa maza wanka idan an yi rasuwa a layinsu a Kabara. A hannunsa na tashi bayan mahaifina ya rasu, kuma tun ina saurayi nake riƙe masa buta. A wurinsa na koyi yadda ake naɗe hannu da tsumma, da yadda ake juya mamaci a hankali kamar kana tsoron kada ya farka, da dakan ganyen magarya, da sa kafur a ruwan ƙarshe. Abin da ya fi nanata mini shi ne baki. Duk abin da ka gani a ɗakin wanka, a ɗakin za ka bar shi.

Da tsufa ya kwantar da shi, wata rana na je gaishe shi ya sa na saki labule. Ya ce in ɗaga masa riga ta baya. Na yi tsammanin ƙaiƙayi ne yake damunsa. Da na ɗaga sai na ga tabon bulala layi-layi tun daga kafaɗa har ƙugu, wasu sun tashi kamar an shimfiɗa igiya a ƙarƙashin fata. Shekara ashirin na yi a gidansa, ban taɓa ganinsa ba riga ba, kuma ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Ya ce tun yana saurayi ne, zamanin 'yan doka. Ya je sauraren laccar siyasa, aka kwashe su, aka zane su a gaban jama'a, ya yi wata uku a ɗaure.

"Ba sata na yi ba," in ji shi. "Amma wa zai tsaya ya yi wa tabo tambaya? A garin nan in aka ga bulala a bayan mutum, ɓarawo ne ko mashayi. Uwar 'ya'yana ta sani, ta tafi da shi kabari. Yaran ba su sani ba. Kai za ka yi mini wanka. Ladan ya zuba maka ruwa, idonsa ya tafi, inuwa kawai yake gani. Kada ka bar kowa ya ga bayana, balle babban ɗana."

Na ce na ɗauka. A makon nan na samo magarya na shanya na daka, na naɗe a takarda, na haɗa da kafur da sabulu da tsummoki masu tsabta, na ƙulle a leda na ajiye a kan sif.

A lokacin ina zaune a Gwammaja, ina tuƙa a-kori-kura, ina ɗaukar kayan 'yan kasuwa. Sojoji ba su daɗe da miƙa mulki ba. Ka kunna rediyo 'yanci, ka kashe ka zauna a teburin mai shayi 'yanci. Har a ajin yaƙi da jahilci da muke zuwa bayan la'asar, malaminmu ya ajiye darasi rana guda ya ce mana yanzu ba kamar da ba ne, in ɗan sanda ya tsare ka dole ya gaya maka laifinka. Mu direbobi muka yi dariya. Amma maganar ta zauna mini.

A gangaren Dala akwai mararraba inda 'yan sanda suke tsayawa, da katako mai ƙusoshi da tsohuwar taya. Kowa ya san ƙa'ida. Ka ninke na goro ka maƙale a tsakanin yatsu, ka rage gudu, ka miƙa hannu kamar za ka gaisa, ka wuce. Shekaru na yi ina yin haka, ban taɓa ɗaga wa kowa murya ba.

Ranar da Kawu ya rasu tsakiyar bazara ce. Na dawo daga lodin safe da hantsi, ko ruwa ban sha ba, wani maƙwabcinsa ya iso a babur ya ce rai ya yi halinsa, jana'iza bayan azahar, ni ake jira a yi wanka. Jikina duk baƙin mai da ƙurar buhu. Kawu ya hana ni shiga kan mamaci da kayan datti, cewa yake wannan ce baƙuntarsa ta ƙarshe. Sai na watsa ruwa, na sa farar riga, na rataye rigar aiki a ƙusa, na ɗauki ledar nan na fita. Takardun mota da lasin da 'yan canjina duk suna aljihun rigar da na rataye. Ban tuna ba sai da na hango katako mai ƙusoshi.

Su biyu ne. Saje, ƙato mai tumbi da tabon salla a goshi, ɗan gari ne kamar ni, ko a hausarsa ka ji. Sai wani Kofur ramamme mai furfura a gefen hula, yana riƙe da bindiga kamar an ba shi ajiya. Na rage gudu na laluba aljihu, babu komai. Na ɗaga hannu na yi gaisuwa ta gaskiya. Saje ya dubi tafin hannuna, ya ga wayam.

"Faka!"

Na gyara fakin na sauko. Na ce, "Yallaɓai, rasuwa aka yi mini. Kawuna ne, ni zan yi masa wanka, ana jirana a Kabara."

"Allah ya jiƙansa. Takardu."

Na gaya masa yadda aka yi. Na ce gidana ga shi can, ko ya bar ni in je in dawo da yamma da su, ai kullum ta nan nake wucewa, ya san motar.

"Na san motar, ban san takardun ba. Duk direban da ba shi da takardu kawunsa ne ya mutu. Jiya mutum uku suka binne mini kakarsu a nan wurin."

Ya leƙa gaban mota ya ɗauko ledar. Ya kwance, ya ture sabulu da tsumma, ya warware takardar magarya. Ya kai hanci. Na ga fuskarsa, na kuma rantse ya gane abin da ya shaƙa. Babu wanda ya tashi a cikin ganuwar nan da bai san warin magarya ba. Amma sai ya ɗaga takardar sama don mutanen bakin titi su gani.

"Kofur, zo ka ga kayan wanka. Malam da farar riga, ashe ganye ake kaiwa."

Mai shayin da ke wurin ya san ni. Ya ce daga inda yake, "Haba Saje, magarya ce fa! Ko kakarka ba ta taɓa wanke maka kai da ita ba?"

Aka yi dariya. Dariyar nan ni ta cuta, don Saje ya ji kunya, kuma ni ne a kusa da shi.

Na ce, "Yallaɓai, don Allah ka gaya mini laifina. In na takardu ne, ka rubuta mini, zan je in amsa. An ce yanzu dole a gaya wa mutum laifinsa."

"Wa ya ce?"

A watannin nan na kamu da wata ɗabi'a, duk rubutun da idona ya faɗa kai sai na karanta shi, allon shago ne ko bayan mota, kuma bakina yana motsi ban sani ba. Akwai lamba a ƙirjinsa. Idona ya sauka a kanta, leɓena ya fara bin ta ɗaya bayan ɗaya.

"Au! Lambata kake haddacewa? Lauya ne ashe. To bari in nuna maka laifinka."

Ya zaro ankwa daga ɗamararsa. Ban yi gardama ba, ni da kaina na miƙa hannuwan, ina ganin in ya huce zai cire. Ya datse ta ta gaba, ya matse har ƙarfen ya kama ƙashi. Ya tura ni na zauna a kan tayar nan, a rana, da farar rigata.

Ban san yadda zan kwatanta wa wanda ba a taɓa yi wa ba. Ba zafin ƙarfen ba ne. Idon mutane ne. Bas ta tsaya, fasinja suka leƙo ta taga, wata mata ta ce, "Ji shi kamar mutumin kirki." Wani da muke sahu ɗaya da shi a masallacin unguwa ya zo wucewa a keke, muka haɗa ido, ya sunkuyar da kai ya ƙara taka feda. A take na tuna maganar Kawu. Wa zai tsaya ya yi wa ankwa tambaya?

Ina zaune sai ga wata babbar mota maƙare da albasa. Saje ya ɗaga hannu, direban ya yi kamar zai tsaya, ya kauce wa katakon ya taka wuta. Saje ya yi ashar, ya tare ɗan acaɓa, ya ɗare baya, suka bi ta. Ko waiwayo bai yi ba.

Na jira. Ni mutum ne mai jira, sana'ata ma rabinta jira ne. Da inuwar motar ta fara shigewa ƙarƙashinta na ce, "Kofur, don girman Allah ka kwance ni. Kai ma ka san magarya ce."

Ya kau da kai. "Na sani, Malam."

"To kwance ni."

"Makullin yana wurin Oga."

"Kai ba ka da naka?"

"Ankwa uku ce da mu, makulli ɗaya. A jikin usur ɗinsa yake."

"Yaushe zai dawo?"

"In ya kamo motar."

Mai shayi ya bar teburinsa ya zo, wata mai ƙosai ta biyo shi da matsami a hannu, sai wani dattijo mai shagon taya, Alhaji ne da ake jin maganarsa a wurin. Mai ƙosai ta ce, "Ku dai ba ku da tsoron Allah. Ɓarayi sun fasa mana shaguna sau nawa a layin nan, kun taɓa sa wa ɗaya wannan abin? Sai mai zuwa wankan gawa?"

"Hajiya, ba ni na sa ba."

"Ba kai ka sa ba, ba kai za ka cire ba, to me kake yi a nan? Gadin taya?"

Alhaji ya ce, "Kofur, kai ma ka kusa kabari kamar ni. Gawa ce a kwance cikin wannan zafin. Ka raka shi ya yi abin da zai yi, in ogan naka ya dawo mu gaya masa inda kuke."

"Alhaji, in na bar wurin nan aikina ne zai tafi. Saura kaɗan in yi ritaya."

Aka kira azahar. Na ji kiran daga masallatai uku a jere, kowanne kamar da ni yake. Na san a Kabara an fara duban hanya. Na san kuma abin da dattawa za su ce in an gaji: ga ɗansa nan, ya shiga ya yi. Wannan ne ya sa na miƙe tsaye. Mutane sun taru sosai a lokacin, 'yan acaɓa sun kashe babura, na ga wani ya sunkuya ya ɗauki dutse. Kofur ma ya gani, ya ƙanƙame bindigarsa. Na ɗaga hannuwana biyu da ankwar na ce, "Jama'a don Allah kada wanda ya yi jifa. Gawa ɗaya ta ishe ni yau."

Ba roƙon Alhaji ne ya motsa Kofur ba, ba kuma gawar Kawu ba. Dutsen nan ne. Ya ce to a tafi, amma yana tare da ni. Wani direba da na sani ya karɓi tuƙi, aka sa ni a tsakiya, ledar a cinyata. Mai shayi ne ya tattara magaryar da ta zube ya mayar mini.

Da muka shiga layin su Kawu, an shimfiɗa tabarmi har bakin masallaci, makara a jingine da bango. Na sauko da ƙyar, ɗan sanda da bindiga a bayana. Duk wanda ke jan carbi ya tsaya.

Babban ɗan Kawu taubashina ne. Tun muna yara yake ce mini bawansa, ni kuma in ce ubangidan da ba ya iya ciyar da bawa ai sunan banza ne. Ko a ranar aurena sai da ya ce a kawo masa kuɗin fansa. Ya taso da jan ido zai yi mini faɗan jinkiri, sai ya ga hannuna. Ya ja ya tsaya.

Liman ya ce, "Subhanallahi. Me ka yi?"

"Babu, Malam."

Kofur ya ce, "Ba abin da ya yi. Makulli ne babu."

Aka aika aka kira maƙerin unguwa, ya zo da kurfi da guduma. Ya duba ya ce bugu uku ne. Kofur ya shiga tsakaninmu.

"Kayan gwamnati ne. In aka fasa, ni za a kora, shi kuma wallahi sai ya kwana a caji ofis, a ce ya tsere daga hannun hukuma. Wannan babu mai fitar da shi."

Matasan gidan suka ce a fasa, abin da zai faru ya faru. Kowa ya dube ni. Na tuna iyalina, na tuna motar da ba tawa ba ce, na ce a bari, zan iya a haka. Ni na faɗa da bakina. Na sha komawa kan wannan maganar. Bugu uku ne kawai.

Taubashina ya ce, "In ba za ka iya ba ni ma ɗansa ne."

"Wasiyya ya bar mini. Ni da Ladan."

Liman ya ce a bi wasiyya, amma a hanzarta, rana ta yi. Wani ya kawo wa Kofur ruwa a kwano, aka nuna masa tabarma, don baƙo ne ko da me ya zo. Ya zauna ya ɗora bindiga a cinya.

Ɗakin ƙarami ne, an kwantar da Kawu a kan ƙyauren katako, an lulluɓe shi da zane. Ladan ya tsuguna a wajen kai da buta, yana lalube. Da haƙori na naɗe tsumma a hannun dama. Duk inda dama ta je sai hagu ta bi ta, sarƙar tana jan jikinsa, ina ɗage ta kada sanyin ƙarfe ya taɓa shi. Na tsarkake shi, na yi masa alwala, na wanke kansa da gemunsa. Gaba bai gagare ni ba. Har na fara cewa a raina Allah ya rufa asiri.

Sai juyi. Mamaci ana juya shi ne da hannu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu. Tsakanin hannuwana bai fi taƙi ɗaya ba. Na kama kafaɗa na ja, ƙasan ya ƙi biyowa. Na koma ƙugu, saman ya ƙi. Na ce Ladan ya ajiye buta ya kama mini, ya kama, amma tsoho ne, hannunsa ba ƙarfi. Muka ɗaga shi rabi, sabulu ya sa ya suɓuce, kansa ya bugu da katako. Ƙarar ba ta da yawa. Ni dai har yau ina jin ta.

Mutumin da ya wanke rabin mazan layin nan bai taɓa barin kan kowa ya bugu ba.

Labule ya ɗaga. Taubashina ne, a bakin ƙofa yake tsaye tun da muka shiga.

"Me ya faɗi?"

"Fita."

"Ubana ne. Me ya faɗi?"

Ya ga yadda muke, ya ga jini ya fara tsattsafowa a wuyan hannuna inda ƙarfen ya ci. Ya naɗe hannun riga ya tsuguna. Na rasa yadda zan yi. In na kore shi sai na kira wani, wanin ma ido gare shi. In na bar bayan ban wanke ba, na aika Kawu da rabin wanka. Na ce, "To ka kama, amma ka juyar da fuskarka bango. Don Allah. Shi ya ce."

Ya juyar. Ya kama kafaɗa da ƙugu ya mirgino shi wajensa yadda ya kamata. Na cusa hannuwana ƙarƙashin zane ina wankewa da sauri. Sarƙar ta kama gefen zanen, da na ja hannu sai ta yaye shi gaba ɗaya. Ya ji zanen ya zame, ya waiwayo don ya gyara.

Ruwa ya sa tabon ya fito fili fiye da ranar da na fara ganinsa.

Bai saki uban ba. Ya daɗe yana kallo. Ladan yana ta zuba ruwa, bai san abin da ake ciki ba, yana cewa, "An gama nan? In ƙara?"

Taubashina ya ce, "Wa ya yi masa wannan?"

"Ba a magana a nan."

"Wa ya yi masa?"

"Zan gaya maka. Riƙe shi da kyau."

Muka gama da ruwan kafur. Shi ya sa masa likkafani, ni ina gaya masa wanda zai fara da wanda zai biyo, don ɗauri ya fi ƙarfina. Da muka fito na ji tsoron abin da zai yi. Ya tafi kai tsaye wurin Kofur ya tsaya a kansa. Muryarsa ko tashi ba ta yi ba.

"Tashi daga tabarmar ubana."

Kofur ya tashi. Ya koma jikin bango ya tsaya a rana, babu wanda ya sake ce masa ga wuri.

Mu a gidan Kawu da sakin hannu muke salla, haka ya koya mana tun muna yara. A sallarsa na tsaya a sahun gaba da hannuwa a haɗe a kan cibiya, ba don na zaɓa ba. A maƙabarta ni ya kamata in shiga ramin in karɓe shi. Na tsaya a baki ina kallo wasu suka yi. Ƙasa kawai na iya turawa da hannu biyu, Kofur yana tsaye a bayana tsakanin kaburbura.

Sai bayan la'asar Saje ya zo, muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa. Ɗan acaɓa ya sauke shi, yana sakace haƙori. Ya yi sallama, ya tsuguna gaban Liman kamar mutumin arziki, sannan ya zo ya ciro usur ya buɗe ankwar. Ko daƙiƙa biyar bai ɗauka ba.

"Haba Malam, ai da ka yi mini bayani sosai."

"Na yi."

"To aiki ne, ka san yadda yake. A yi haƙuri, a yafi juna. Allah ya jiƙan Baba."

Jama'a suka ce amin, don ba a ƙin amsa addu'a ga mamaci. Ni kuwa ina duban shatar da ta zagaye hannuna. Liman ya taɓa ni da gwiwar hannu.

"An ba ka haƙuri."

Na ce, "Malam, haƙuri na yi shi tun hantsi. Yafiya ce ban yi ba. Kuma rabin abin ba nawa ba ne, mai shi yana ƙasa. Ya je can ya nema."

Saje ya yi 'yar dariya, ya mayar da ankwar ɗamara, ya ce in kawo takardu gobe in nuna. Na kai. Ko buɗewa bai yi ba.

Ranar sadakar uku na ja taubashina soro na gaya masa komai. Ya ce, "Shi ke nan? Lacca? Don wannan ya yi shekara hamsin yana kwana da riga a bazara?" Ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar rasuwar. Daga baya ya ce gara da ya gani, yanzu ya san ubansa. Wataƙila haka ne a wurinsa. Amma ba abin da Kawu ya roƙe ni ke nan ba. Abu ɗaya ya roƙa.

Lambar Saje ta zauna a kaina, na rubuta ta a bayan littafina. Malaminmu ya taimaka mini muka rubuta ƙara, na kai caji ofis da kaina. Zuwan farko aka ce mai karɓa ba ya nan. Na biyu aka karɓa aka ce in dawo. Na uku ɗan sandan da ke kan kanta ya duba wani littafi ya ce babu mai wannan lambar a bakin aiki ranar, ko na karanta ba daidai ba, tunda ga alama ban daɗe da fara karatu ba. Da na fito na biyo ta gangaren Dala, ga Saje a tsaye da lambar a ƙirji. Na sake karantawa. Daidai na karanta.

A Gwammaja kuwa labari ya riga ni isa. An kama ni da wiwi a cikin kayan gawa. Wasu 'yan kasuwa suka daina ba ni lodi har tsawon damina, wata maƙwabciya ta hana 'ya'yanta shiga gidana. Mai shayi ya yi ta rantsuwa yana cewa magarya ce, amma waɗanda suka gan ni a kan taya sun fi waɗanda suka ji shi yawa.

Bayan wani lokaci aka kira taro a makarantar unguwa, wani babban ɗan sanda ya zo da lasifika ya ce zamani ya canza, ɗan sanda abokin kowa ne, a riƙa kawo musu rahoto. Aka ce mai tambaya ya ɗaga hannu. Na ɗaga na ce ina so in sani ko yanzu duk mai ankwa yana da makullinta. Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya ce tambaya ta gaba. Ba wasa nake ba. A layin su Kawu, tun daga ranar nan, in an yi sata gidan mai unguwa ake zuwa, in ya gagara a bar wa Allah. Ba wanda ya hana kowa zuwa caji ofis. Sun dai ga abin da suka gani a ƙofar gidan.

Yanzu ni nake wa mazan layin wanka. Ladan ya rasu, taubashina ne yake zuba mini ruwa, shi ya nema da kansa. Bai sake ce mini bawansa ba, ko da wasa, ko da salla. Na taɓa tsokanarsa na ce ko an 'yanta ni ne ba a gaya mini ba, ya ce in bar maganar.

Har yau ina bin ta mararrabar. An sauya 'yan sandan wurin sau da yawa, wasu ma ba a haife su ba ranar. Ina rage gudu, in an tambayi takardu in miƙa, a aljihun mota suke kwana yanzu. Hannun gaisuwa ne ban ƙara ɗaga wa ko ɗaya ba. In mun shiga ɗakin wanka kuma aka zo juyi, taubashina yakan ajiye buta ya juyar da fuskarsa bango, ko wane ne a kwance, sai na ce masa na rufe.